Warin Safa a Bututun Sanyi

Ranar da Auta ta fara ganinsa, durƙushe take a ɗakin Babanta da tsumma a hannu, tana tsane ruwan da iyakwandishan mai taya ya amayar a ƙasa. Zufa ta jiƙa mata wuya, ɗankwali ya karkace, rai a ɓace. A haka mai gyara ya yi sallama, dogo, da jakar kayan aiki a kafaɗa, yana murmushi kamar wanda aka gayyato biki.

Ya zare fulogi, ya buɗe bayan na'urar, ya zaro wata raga da ƙura ta yi wa bargo.

"Baba, yaushe rabon da a wanke filtar nan?"

To, Baba tsohon shugaban makaranta ne. Shekara talatin shi ke tambaya ana amsawa, kuma bai taɓa sanin akwai abin wankewa a ciki ba. Ya dubi saurayin ta saman tabarau.

"Yaro, gyara aka kira ka ko jarrabawa?"

Mai gyara ya ba da haƙuri, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sai ya juya wajen Auta ya shiga koya mata. Duk mako biyu ta ciro filta ta wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ta shanya a inuwa, kada ta mayar sai ta bushe ƙayau. Ta zare toshiyar ƙasa ta tsiyaye ruwan a faranti. Bututun da ke fitar da zafi ta taga kuwa kada a lanƙwasa shi, kada komai ya tare shi.

Auta tana gyaɗa kai, amma rabin hankalinta yana kan yadda yake riƙe abu a hankali kamar zai ji ciwo.

Abin haushi, ya koya mata da kyau har ba ta da dalilin sake kiransa. Kwana biyar tana jira na'urar ta yi ko tari, shiru. A rana ta shida ta rubuta masa:

"Injiniya, kamar ina jin wata ƙara."

Ya amsa nan take: "Ki matsar da ita daga bango kamar taku biyu. In ba ta daina ba ki faɗa mini."

Auta ta yi tsaki har Baba ya jiyo daga falo. Wane irin mutum ne wannan, ana nuna masa ƙofa yana kwatancen bango? Tana shirin jefar da wayar wani saƙon ya shigo:

"Gaskiya na san lafiyarta ƙalau, ƙarar uzuri ce. Ni ma kwana biyar ina neman nawa uzurin ban samu ba, Almajirata ta gyara."

Ta karanta ya fi sau goma. Daga nan fa waya ba ta ƙara hutawa ba. Yana kiranta Sanyina, tana kiransa Injiniya, har ya zo ya gaishe da Baba ya faɗi abin da ke ransa.

Baba ya ce sam. "Mai ɗaga murya ga babba tun ranar farko? Ban da shi."

"Baba, tambaya fa kawai ya yi!"

"Ita ce matsalar."

Ashe Baba da nasa gwanin: ɗan amininsa, mai shagon kayan lantarki, wanda turarensa ke riga shi shiga gida ya kuma kwana bayan ya tafi. Shi ne kullum yake taɓa na'urar da ɗan yatsa yana cewa, "Baba, wannan ai ta gama yayi. Ranar da ta mutu ka kira ni, in kafa maka ta bango sabuwa fil." Yana faɗa yana satar kallon Auta. Ita kuwa ta gane lissafin: in na'ura ta mutu, ƙafar Injiniya ta yanke daga gidan, ta mai shago ta samu gindin zama.

Sai kuwa na'ura ta fara rashin mutunci. Ta yi aiki minti goma, ta huro iska mai zafi, ta ɗauke. Auta ta wanke filta, ta tsiyaye ruwa, a banza. Injiniya ya zo, ya ce ta ɗebo masa ruwa a bokiti, kafin ta dawo har sanyi ya cika ɗaki.

"Me ya same ta?"

"Ɗan abu ne kaɗan, Sanyina."

Bayan mako ɗaya aka maimaita. Bayan wani makon aka sake. Kullum a aike ta ɗebo ruwa, kullum "ɗan abu ne kaɗan". Baba yana kishingiɗe yana karkaɗa ƙafa.

"Kin gani ko? Ko dai bai iya ba, ko yana kwance wani abu don a riƙa kiransa. Zaɓi ɗaya, duka biyun ba mijin aure ba ne."

Maganar ta soki Auta, don ita ma zargin ya fara cin ta. Ga aikin makaranta, ga zafi, ga wankin Baba da ya zame mata ciwon kai, don kwanan nan safa uku ta tarar ba wari, ta birkice gida ba ta gan su ba. Komai ya taru ya yi mata yawa. Ta rubuta:

"In son ganina ne ya sa kake wasa da lafiyar tsoho cikin zafin nan, ka ba ni kunya. Ka faɗa mini abin da kake gyarawa ko kada ka sake zuwa."

Ya amsa: "Wallahi ban taɓa cutar ku ba. Amma ba zan iya faɗa ba. Ki yi haƙuri."

Ta yi kuka, kukan haushi, wanda ya fi na baƙin ciki cin rai.

Ranar Asabar na'ura ta sake ɗaukewa. Baba ya ɗauko waya zai kira mai shago. Auta ta ce a dakata, ai ita ma an koya mata. Ta zare fulogi, ta duba filta, tsaf. Ta tsiyaye ruwa, ɗigo biyu. Sai ta tuna maganar bututu. Ta kwance shi daga taga, ta zura hannu har gwiwa, ta jawo wani abu mai laushi a dunƙule.

Safa ce, ruwan toka, da ɗinkin da ita da kanta ta yi a dunduniya.

Ta ɗaga ta sama. Baba ya shiga gyaran tabarau, ya dubi silin, ya dubi taga.

"Baba! Kai ne? Mako uku muna dahuwa, ina zagin bawan Allah!"

Tsoho ya sauke ajiyar zuciya. "Sau uku yana ciro irinta a gabana, Auta. Ya aike ki waje, ya cusa ta a aljihu, ya ce mini, 'Baba, an gyara.' Ina jira ya tona ni in samu abin kamawa, ya ƙi. Ta huɗun nan ma ban san me ya sa na saka ba. Ina jin so nake a kama ni in huta."

Auta ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta rubuta masa: "Na ga safa. Ka yafe mini, Injiniyana."

"Ba komai, Sanyina. Ki ce wa Baba suna nan, na wanke."

Da yamma ya iso da ɗan ƙunshi, ya durƙusa ya ajiye gefen kujerar Baba. Baba ya buɗe: safa uku, a wanke, a ninke.

"Yaro," in ji Baba, muryarsa ta yi taushi, "ka yarda 'yata ta tsane ka don kada ta raina ni. Je ka turo manyanka."

Mai shago ya ji labari ya janye, turarensa kaɗai ya ƙara kwana biyu a labule.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da Auta ta zo sallama, ta tarar da Baba a bakin famfo, hannun riga a naɗe, yana wanke filta da kansa.

"A inuwa ake shanyawa, Baba," ta ce tana share hawaye.

"Na sani, sirikina ya koya mini." Ya goge hannu, ya dafa kanta, ya dubi angon da ke tsaye a bakin ƙofa. "Allah Ya sanyaya muku gida, Ya ba ku zuri'a mai albarka. Kai kuma, Allah Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini."