Katakon Ƙasa

Ɗantala maƙaryaci ne, kuma ya ci amanar mutumin da suke kwana ɗaki ɗaya, suke sa hannu a kwano ɗaya. Babu uzurin da za a yi masa. Ba yunwa ce ta sa shi ba, ba a kuma zalunce shi ba. Ya ga alheri ya nufi ɗan'uwansa, zuciyarsa ta kasa ɗauka.

Shi da Muhsin 'yan Zariya ne. Sun samu aiki a shekarun da aka kwaso ma'aikatu daga Legas zuwa Abuja, Muhsin yana buga takardu a ofis, Ɗantala yana tuƙi. Hayar Abuja ta fi ƙarfinsu, sai suka kama ɗaki ɗaya a Kwamba, cikin Suleja, suna bin motar safe tare.

Muhsin ba ya zaman teburin mai shayi. In ya dawo aiki, sai ya zauna a bakin ƙofa yana yanka ado a jikin siririn katako, irin wanda ake rufe bayan kabad da shi. Tun a makaranta ya koya. Yakan manna zane a kan katakon, ya huda, ya zura wani zarto siriri kamar tsinken tsintsiya ta cikin hudar, ya bi layi a hankali har fure ko ganye ya fito. Ba ya sayarwa. Sha'awa ce kawai.

Da hannu ya gaji, ya yi tunanin ɗaura zarton a kan ƙafar keken ɗinki, ya riƙa takawa, hannayensa biyu su samu juya katako. Aka ce masa akwai mataccen keke a Rafin Sanyi, gidan Malam Tanimu mai hatsi. Ɗantala ya raka shi don su kama ɗauka.

'Yar gidan, Sa'ida, ita aka turo ta nuna musu keken a zaure. Ta dubi Muhsin, ta dubi ƙarfen.

"Malam, keken nan ba shi da kai fa. Ko ba a gaya maka ba?"

"Ƙafar nake so."

"To, yau na ga mai sayen akuya da ya ce a riƙe kan, ƙafa ta ishe shi."

Muhsin ya yi dariya. Ɗantala ma ya yi dariya, har ya fi shi. A hanya Ɗantala ne ya yi ta maganar yarinyar. Amma da Muhsin ya koma gidan wai neman wani ƙarfe da ya ɓace, shi Sa'ida ta shimfiɗa wa tabarma. Da Ɗantala ya gwada zuwa shi kaɗai, ta gaishe shi a tsaye, ta tambaye shi ya Kafinta yake.

Sunan da ta sa wa Muhsin ke nan. Shi kuma yana ce mata Mai Keke.

Malam Tanimu bai so ba da farko. Ya ce baƙo ne, ɗan haya, kuma bai ga dalilin da namiji mai gemu zai zauna yana fitar da furanni a katako kamar mai wasan yara ba. Inna, mahaifiyar Sa'ida, ta ce masa mutumin da aka san inda yake zaune kullum bayan la'asar ya fi goma da ba a san inda suke ba. Malam ya yi ta gunaguni, daga baya ya ce a turo manya. Aka kawo goro, aka sa rana bayan girbi.

Sa'ida tana da wani zane nata, reshe mai ganye da ƙananan furanni, wanda take ɗinkawa a kan rigunan filon da za ta kai ɗakinta. Ba ta taɓa bai wa ko ƙawa ba. Muhsin ya roƙa ta kwafa masa a takarda, ya yi makonni yana taka keke, ya fito da gidan madubi mai wannan reshen a kewaye. Ranar da ya kawo mata, ta riƙe shi tana shafa furannin.

"Kafintana, ka taɓa yi wa wata irinsa?"

"Mai Keke, babu irinsa a Suleja. Babu irinsa a duniya."

"Ka rantse?"

Ya rantse, kuma a zuciyarsa gaskiya ya faɗa. Ga inda ya yi kuskure. Siririn katako yana tsagewa ta baya in zarto ya ratsa shi. Don haka masu wannan aikin sukan buga wani katako a ƙarƙashi da ƙananan ƙusoshi, su yanka biyun tare. Na sama ya fito sumul, na ƙasa ya sha tsagar. Zanensu ɗaya, ba bambancin ko ganye guda. Amma a wurin Muhsin na ƙasa shara ne. Bai taɓa lissafa shi a matsayin abu ba. Ya jefa shi bayan ƙofa, cikin guntayen da matan gidan haya ke ɗiba su hura wuta.

Ɗantala ya ɗauke shi. Ya goge fuskarsa, ya shafa masa man ƙyallin da Muhsin ke amfani da shi, ya sa madubi. Ya kai wa Morenike, wata Bayarbiya mai ɗinki a kasuwa, wadda ya san a wurinta Sa'ida ta ba da ɗinkin biki. Ya ce mata shi ya yi da hannunsa, ta rataya a shago don masu gwada kaya. Morenike ta yi godiya, ta rataya. Ba ta san komai ba.

Sa'ida ta zo gwada riga, ta juya don ta duba kanta, sai ta ga reshenta. Ganyenta, furanninta, har inda reshen ya ɗan lanƙwashe saboda hannunta ya goce ranar da ta fara zana shi. Ta tsaya tana kallon fuskarta a tsakiyar abin. Ba ta tambayi Morenike ba. Mai kishi ba ya tambaya, don gani yake ya riga ya san amsa. Ta tuɓe rigar ta ce kanta ke ciwo, ta fita.

Da yamma Ɗantala ya bi ta ƙofar gidansu kamar wucewa yake. Ta tare shi da maganar. Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ba ya son shiga tsakani. Da ta matsa, ya ce ai Muhsin ya jima yana zuwa shagon, kuma shi ya yi masa faɗa har ya gaji. Ya roƙe ta kada ta ambaci sunansa.

Da Muhsin ya zo zance, ba ta shimfiɗa tabarma ba. Ta gaya masa abin da ta gani. Ya ce ba zai yiwu ba. Washegari ya bi ta gaban shagon ya leƙa daga nesa, ya dawo wurin Sa'ida.

"Yankana ne," ya ce. "Amma wallahi ban ba ta ba. Na ƙasa ne."

"Na ƙasa, na sama. Ashe hawa-hawa muke? Ita ce ta ƙasa, ni ce ta sama, ko kuwa akwai wata a samana?"

Ya fara bayanin ƙusa da tsaga. Ta ce ita ba ta san ƙusa ba, rantsuwa ta sani. Ta shiga gida, ta ciro madubin daga gidansa, ta kai katakon bakin murhu inda Inna ke dafa tuwo, ta tura. Aikin makonni bai kai tafasar ruwa ba ya zama toka. Wannan wauta ce, kuma dole a faɗa. Wanda ya ƙone abu don ya huce, zuciyarsa yake ƙara wa itace.

Muhsin ya tambayi Ɗantala ko ya ga wanda ya ɗauki katakon. Ɗantala ya ce matan gida ne mana, wa ya san hannun da ya bi. Ya ba shi shawara kada ya kuskura ya taka shagon Morenike, don in aka gan shi a can, magana ta tabbata. Ya ce ya bar masa, shi zai riƙa zuwa yana lallashin Sa'ida.

Ya kuwa riƙa zuwa. Kullum ya dawo sai ya ce ta ƙi, a ƙara haƙuri. Wata Asabar Muhsin ya kasa zama, ya nufi Rafin Sanyi, ya hango Ɗantala zaune a kan tabarmar da shi yake zama, da sabuwar hula, yana ta labari da hannu. Sa'ida ba dariya take ba, amma tana zaune. Muhsin ya juya. A ranar ya karya zarto har uku a kan katako ɗaya, ya rufe keken da buhu. Shi ma ya shiga ciwon kishi, ya daina cin abinci da Ɗantala, amma bai iya faɗin dalili ba.

Magana ta kai kunnen Malam Tanimu. Ya dawo daga kasuwar Lambata ya ce dama ya faɗa, kuma in Juma'a ta wuce zai mayar wa mutanen Zariya kayansu.

Morenike ce ta ga ɗinki ya kammala, biki ya matso, amarya ba ta zo karɓa ba. Ta naɗe kayan ta kawo har gida. Sa'ida ta karɓa ba ta dube ta ba.

"Na gode. Ki gaida mai ba ki madubi."

"Wanne? Wannan direba?" Morenike ta taɓe baki. "Sista, in kina so ki ɗauka, na ba ki shi kyauta har da madubin. Ni ina da Olamilekan nawa, Disamba za mu coci. Na ce wa direban ya yi mini wani don mamana, kullum gobe, gobe. Ni ban yarda ma ya iya ba."

Sa'ida ta ɗago. Ta sake tambaya, Morenike ta sake faɗa: Ɗantala. Muhsin kuwa ta ce ba ta ma san kamanninsa ba.

Inna ta ji komai daga bakin murhu. Ta tafi ta gaya wa Malam.

Malam Tanimu ya tara Muhsin da Ɗantala a zaure bayan la'asar, ya sa Morenike ta kawo madubin. Muhsin ya juya bayan madubin, ya nuna yadda bakin kowane ganye ya tsattsage, ya yi bayanin da aka hana shi yi. Malam ya shafa da yatsa, ya gyaɗa kai. Sannan ya juya ga Ɗantala.

"Ka ce wa wannan baiwar Allah kai ka yi. Ka ce wa 'yata Muhsin ne ya yi, shi ya kai. To, wacce daga ciki za mu riƙe?"

Ɗantala ya ce wasa yake. Ya ce gwada su yake ya ga ko son gaskiya ne. Ya ce shaiɗan ne. Malam ya ce shaiɗan bai san hanyar shagon Morenike ba, sai da aka kai shi. Ya ce ya tashi ya fita masa daga zaure, kuma kada ya ƙara bi ta layin.

Da kowa ya watse aka bar Muhsin, Sa'ida ta fito da tabarma da kanta. Ta shimfiɗa, ta zauna can gefe, tana jan zaren bakin mayafinta.

"Na ƙone shi, Kafinta."

"Na sani. Inna ta ce tuwon ranar ya yi daɗi."

Ta yi dariya da hawaye tare. Ta nemi gafara, ya ce ya yafe, shi ma a yafe masa rantsuwar da ya yi bai duba bayan ƙofa ba. Sannan ya ɓata fuska ya tambaye ta me ya sa ta bai wa Ɗantala tabarmarsa. Ta ce don ta ji labarinsa ne, ko da mummuna, tunda shi ya ƙi zuwa. Ya ce duk da haka a canja tabarma. Ta ce an canja tun ɗazu, ya duba.

Morenike ta ce a bar wa amarya madubin. Sa'ida ta ƙi. Ta ce abin da ya kwana a bangon wata ba zai kwana a nata ba. Amma ba ta yarda ya koma shago ba. Ta mayar wa Morenike gilashin, ta karya katakon a gwiwa. Kishi bai bar ta ba, kuma ba za a ce ya bar ta ba. Ya dai koyi yin tambaya kafin ya kunna wuta.

Ta kafa wa Muhsin sharaɗi ɗaya. Duk abin da zai yanka daga yau, na ƙasa nata ne, a hannunta zai sa shi kafin ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce ya ji ya yarda.

An ɗaura aure bayan girbi, kamar yadda aka sa. Mutanen Zariya suka cika mota, abokan kasuwar Malam suka zo daga Izom da Lambata. Morenike ta zo da Olamilekan, ita ta ɗaura wa amarya ɗankwali. Malam Tanimu ya kama hannun ango ya ce ya ba shi amana, ya ƙara da cewa in ya samu lokaci akwai tagar ɗakinsa da ke son irin wannan adon. Suka tare a ɗaki biyu a Rafin Sanyi, keke a baranda. Allah ya sa albarka, ya ba su zuri'a ta gari, ya raba su da mai shiga tsakani.

Shi kuwa Ɗantala, mai gidan haya ya ce ya kwashe kayansa, ba ya ajiye mai ɗaukar abin mutane a bayan ƙofa. Babu wanda ya ba shi ɗaki a Kwamba. Ya koma Garam. Ya nemi aure a can, ya nema a Madalla, kuma duk gidan da suka aiko Suleja a tambayi halinsa sun mayar masa da goronsa. Har yau shi yake dafa wa kansa.