Shukar Tsakar Gida

A can wani zamani, an yi wata tsohuwa mai wata shuka a tsakar gidanta, wadda mijinta ya dasa kafin ya rasu. Da bazara ta kama sai ta yi fure fari fat, ƙamshi har ƙofar gida. Amma dafi gare ta, ko akuya ta ci ganyenta ba ta kai labari. Kullum tsohuwa takan ba ta ruwa, ta share gindinta, ta wanke hannu da toka.

Ana nan sai jikarta ta fara rarrafe. A ajiye ta a tabarma, sai wajen fure. A ajiye ta a ɗaki, sai wajen fure. Ran nan tsohuwa ta ƙwace fure a hannunta, saura kaɗan ya kai baki.

Uwar yarinyar ta ce, "Iya, zan riƙa goya ta, kada a taɓa shukar Baba."

Tsohuwa ta ce, "Goyo har yaushe? Mai rarrafe ai ƙasa take so. Miƙo mini fartanya."

Ta tone shukar tana share hawaye, ta dasa ta bayan katanga, ta kewaye da ƙaya. Shuka ta yi yaushi, furen ya zube duka.

Uwar yarinyar ta ce, "Iya, bana kam babu ƙamshi."

Tsohuwa ta ɗauki jikarta, ta sansana kanta, ta ce, "In ji wa?"