Lambar da Auta Ba Ta Gwada Ba

Wata rana da safe, ana ta yayyafi, Malama ta rubuta wata doguwar lamba a allo: 402,111.

"Akwai lambobin da babu mai raba su daidai sai ɗaya ko su kansu, kamar bakwai da sha uku," in ji ta. "Ni masu taurin kai nake kiransu. Ku zauna bibbiyu, ku gano mini ko wannan tana cikinsu."

Auta ta fi kowa iya lissafi a ajin. Ƙawarta da suke zama tare kuwa tana da in'ina, shi ya sa ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

Auta ta dubi lambar. Biyu ba ta raba ta, biyar ma haka. Sai ƙyuya ta kama ta.

"Mai taurin kai ce," ta ce.

"K-kin gwada da uku?" ƙawar ta tambaya.

"Na gwada mana! Tashi ki faɗa, yau ke ma a tafa miki."

Yarinyar ta miƙe ta ce lambar mai taurin kai ce. Da ƙyar ta kai ƙarshen maganar.

Malama ta girgiza kai. "Haɗa huɗu da biyu da ɗaya-ɗayan nan. Tara ke nan. In uku ta raba jimlar, to tana raba lambar."

Wani yaro ya kwaikwayi in'inar. Ajin ya fashe da dariya. Malama ta tsawatar, amma yarinyar ta riga ta kifa kai a tebur tana kuka. Auta kuwa ta kau da kai.

Washegari kujerar ƙawar babu kowa. Haka aka gama makon.

A gida Auta ta kasa cin abinci. Mama tana guga, ta ajiye dutsen gugar.

"Auta, me ke damunki?"

Auta ta faɗa mata komai, hawaye na zuba.

"Kuskuren lissafi kowa na yi," in ji Mama. "Amma ke ƙarya kika yi, kika bar wata da kunyar. Ɗauko takalminki."

Suka je gidan su yarinyar. Da farko ta ƙi fitowa. Auta ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Ke kika yi tambayar da ta dace. Ni ce ban gwada ba. Ki yafe mini."

Can sai ƙofar ta buɗe.

Ranar Litinin Auta ta faɗi gaskiya a gaban aji. Yaron nan ma ya ba da haƙuri.

Sai ƙawar ta ɗaga hannu a hankali. "Malama, t-tara ma tana raba lambar."

"Daidai!" in ji Malama. Aka yi ta tafi.

Tun daga ranar Auta ta gane: kada ka ce ka gwada abin da ba ka gwada ba, domin ƙaryarka tana iya cutar da wanda ya yarda da kai.