Abin da Bronte Ta Faɗa a Filin Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu saurara, Kaka.

A wani asibiti a garin Bundaberg Bronte ta fara ganin Jarrod. Ita ma'aikaciyar jinya ce, shi kuwa mai jifa ne a Kunkuru, ƙungiyar besbol, wasan da wani ke jefa ƙwallo wani na duka da sanda. Ya zo da yatsa a fashe.

"Ƙato kamarka kake rawar jiki a gaban allura?"

"Ba allurar ba ce, 'yar'uwa. Mai riƙe da ita ce."

Da yamma sai ga saƙo: "Kurciyata, yatsa ya yi sauƙi, ina neman dalilin dawowa."

Ta amsa: "To fasa wani yatsan."

Amma fa mahaifinta, Des, ba ya son jin sunan Kunkuru. Shi ma ya buga musu da ƙuruciya, kuma sau biyu ƙungiyar ta mutu a kan idonsa. Duk mutuwa sai 'yan wasa su watse ƙasashen waje, su bar mata da goyo. Shi ya sa ya koma noman rake, ya hana 'yarsa ko leƙa filin wasan.

"Baba, Jarrod ba haka yake ba."

"Haka kowacce ta ce. In ƙungiyar ta kai baɗi, ya zo mu zauna. In ta mutu, ƙasar Taiwan zai tafi neman wasa, ke kuwa ba inda za ki."

Ga shi an riga an yanke cewa in Kunkuru ta faɗi wasan ƙarshe ranar Lahadi, za a cire ta daga gasar, ta mutu ke nan. Kwana uku Bronte ba ta iya haɗiye abinci ba.

Ran Lahadi ta je filin, karonta na farko, Des na biye da ita yana gunaguni. Wasan zagaye tara ne, kuma har na takwas ba wanda ya iya dukan jifan Jarrod. To su mutanen besbol, in mai jifa ya kama irin wannan hanya, ba a yi masa magana, ba a ko ambaton abin, don kada sa'ar ta tsinke. Bronte ba ta sani ba. Ta dai hango shi a ƙarshen benci shi kaɗai, abokansa sun juya masa baya. Ta ɗauka korarsa aka yi. Ta leƙa ta kan shinge.

"Jarrod, me ya sa suka ware ka? Ai tun ɗazu ba wanda ya daki ƙwallonka ko sau ɗaya."

Wata tsohuwa ta rufe fuska da hula. Des ya ce a hankali, "Kin faɗa."

Jifan farko a zagaye na tara, mai duka ya maido ƙwallon kai tsaye ta sami Jarrod a gefen kai. Ya zube bai motsa ba. Bronte ta haura shinge, Des na bayanta, ta tarar jini na bin kunnen Jarrod.

"Baba, ni na jawo."

"Riƙe masa wuya. Aikinki ne, yi shi."

Sai da ta kira sunansa sau biyar ya buɗe ido. "Kurciyata," ya ce, "bakinki ya fi hannuna saiti."

Kunkuru ta faɗi wasan, ta mutu karo na uku. Jarrod ya warke sarai, takardar gayyata daga wata ƙungiya a Taiwan ta iso masa, Bronte ta kulle kanta a ɗaki tana jiran saƙon bankwana.

Wata ran Litinin da safe Des ya tarar da shi a bakin gonar rake, sanye da takalmin aiki.

"Jirginka fa, yaro?"

"Ya tashi, Baba. A ina zan fara?"

Des ya nuna masa ƙofa. "Fara da shiga gida. Akwai wadda ta ƙi cin abinci."

Bayan an gama yankan rake aka ɗaura aure, Des da kansa ya kamo hannun 'yarsa ya sa musu albarka. Yanzu 'ya'yansu uku. Jarrod na noma, ran Asabar yana koya wa yara jifa. Des ya tsufa a gidansu. Bronte tana zuwa kallo, amma daga nesa take zama.