Safar Hannu Dozin Guda

Malene ta buɗe kwalin da ta tarar a teburinta. Safar hannu ce, dozin guda. Ta zauna a kujerar yara.

Jiya ce ranar da ake ƙara wa Fabrairu, ranar da 'yar Danmak ke iya neman auren namiji. In ya ƙi, safar hannu yake aiko mata, ta rufe yatsan da babu zobe. Jiya ta tambayi Mwita, malamin Swahili. Ya ce ta ba shi kwana ɗaya.

Ga amsar.

Makarantar da take koyarwa ta 'ya'yan Danmak da Norwe ce, a Darussalam, babanta ne shugaba. Ajinta cikin katanga, ɗakinta cikin katanga. Ko mangwaro ta fita saye, mai gadi sai ya rubuta.

"Na gaya miki," in ji baban daga bakin ƙofa. "Jirginki Asabar. Torben zai raka ki gida."

Torben, malamin wasanni. Shekara biyu yana binta, baban na tura shi.

"Baba, ko a gida wata katangar ce..."

"Haɗa kayanki."

Sai ga Mwita da sabuwar riga, yana murmushi.

"Sun yi miki, 'yar ƙanƙara?"

"Har dariya kake?" in ji ta. "Ai da baki ma ka iya cewa a'a."

"A'a kuma? Torben ya ce haka ango ke yi a ƙasarku. Kasuwar Kariyako kaf na zaga cikin zafin nan. Masu gwanjo suna tambaya ko zazzaɓi nake."

Baban ya sunkuyar da kai.

"Ba ki gwada ba?" in ji Mwita. "Jar nan. Ta hagu."

Ta zura hannu. Yatsanta ya ci karo da abu mai sanyi. Ta zazzage, zobe ya faɗo a tafinta.

"Mwita... wawana."

"Naki dai."

Ta saka zoben, ta miƙa wa babanta kwalin.

"Baba, a ba Torben. Can ana sanyi."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannunta. Ya dai matsa daga ƙofar.

A bakin get mai gadi ya ɗaga biro.

"Malama, ƙarfe nawa za ki dawo?"

"Bar wajen fili," ta ce.