Kwana Ashirin da Ɗaya Babu Rubutu

Ranar da ya fara shigowa ofishin kwantena da ke bakin ginin makarantar, tana durƙushe tana tsince takardun da ruwa ya jiƙa. Dogo ne, hular kwano ta yi masa yawa, ya yi sallama ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunyar abin da ya kawo shi. Masu ginin ne suka turo shi ya binciki dalilin jinkiri. Babanta, ɗan kwangilar, ya nemi ƙarin lokaci. In rahoto ya ce laifinsa ne, ƙwace aikin za a yi, sunan da ya shekara talatin yana ginawa ya zube.

Ita ke riƙe da takardun Baba, dole kullum tebur ɗaya suke zama da baƙon. Yana jera kwanaki a kwamfuta: wannan na ruwan sama, wannan na simintin da bai iso ba, wannan kuma na wa? Ta laƙaba masa Malam Kwanaki. Shi kuwa da ya ga waya ba ta barin hannunta saboda ɗaukar hoto, ya rama da Mai Hoto. Tsokana ce fa aka fara da ita, amma kafin wata biyu abin ya zame mata ciwon so, don ta san bai kamata ba.

Matsalar tana cikin littafin aiki. Baba ba ya tsallake rana bai rubuta abin da aka yi ba, amma a tsakiya ga shafuka ashirin da ɗaya fari fat. Da Malam Kwanaki ya tambaya, ta ce kwanakin jinyar Umma ne, har ta cika. A kwanakin, Baba bai taka wurin ginin ba ko sau ɗaya. Malam Kwanaki ya yi mata ta'aziyya, sannan ya faɗi abin da ba ta son ji: yarjejeniya ba ruwanta da jinya, ranar da ba ta da shaida a kan ɗan kwangila take faɗawa.

Wani injiniya da ya daɗe yana nemanta tana kaucewa ya kai wa Baba labarin shaƙuwarsu, har da ƙari. Baba ya kira ta, bai ko ɗaga murya ba.

"Mutumin da ya zo ƙirga min kwanakin mutuwar uwarki kamar buhunan siminti, shi kike so? Kada in ƙara ji."

Ta sha kuka har kanta ya yi ciwo. Washegari ta tura wa Malam Kwanaki saƙo, a niyyarta na sallama ne.

"Malam Kwanaki, ga hotunan wurin ginin na kwanakin nan ashirin da ɗaya. Kullum da safe nake ɗauka in kai wa Baba asibiti, bai taɓa kallo ba. Aiki dai ya tsaya, ba zan ɓoye maka ba. Rubuta abin da ka gani. Allah Ya haɗa kowa da rabonsa."

Kwana goma ba amsa, ba shi ba alamarsa. Wata dattijuwa mai tabarau aka turo a madadinsa, ba ta dariya ba ta hira. Zuciyarta ta gama yanke hukunci: ya samu abin da ya zo nema ya ƙara gaba, ita kuma da hannunta ta miƙa Baba. Ko abinci ba ta iya ci.

Ranar da rahoto ya fito, saƙonsa ya shigo.

"Mai Hotona, ki yafe min shirun. Na gaya wa shugabana ina son ki, na zare hannuna, don kada a ce soyayya ce ta ba Baba kwanaki. Ki sake duba hotunanki. Masu ɗaure rodi suna nan kullum, a zaune. Zanen bene na biyu suke jira, kuma masu ginin ne suka riƙe shi. Na yi kewarki, wallahi."

Baba ya karanta rahoton sau biyu a tsaye. An ba shi kwanakin duka, ba don tausayi ba, don hakkinsa ne. Ya zauna a kan kujerar roba.

"Ashe ko da ina nan ba abin da zai motsa," ya ce. "Ashe zamana wurinta bai ɓata komai ba."

Sai a lokacin ta gane wata takwas ke nan yana ɗora wa kansa laifi shi kaɗai. Ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, sannan ya share fuska ya ce ta kira masa Malam Kwanakin nata.

Sati biyu bayan miƙa makullan makarantar aka ɗaura auren. Ba a yi wani taro ba, rashin Umma ya cika gidan. Da ango ya zo ɗaukarta, Baba ya dafa kawunansu ya ce Allah Ya yi musu albarka, Ya ba su zaman lafiya da tsawon rai tare. Sannan ya miƙa mata littafin aikin.

A mota ta buɗe. Baba ya cike shafukan nan ashirin da ɗaya da rubutunsa mai karkata, kowanne layi ɗaya tak: "Yau ina wurin matata."