Gyaran Muryar Malam Maiwada

Ranar kasuwar Jega ce, masu awaki da masu keke napep suna ta turereniya, Iklima ta tsaya gaban wata 'yar rumfar gyaran waya, riƙe da wayarta da ta yi iyo a kwanon kunu.

Ta yi sallama. Mai rumfar bai ɗago ba. Waliyyu sunansa, ya karanci kwamfuta a Aliero, ya dawo gida ya kafa tebur. Yaran zamani ke nan, a yi musu sallama, ido na kan gilashi.

Ta leƙa ta ga abin da ya ɗauke shi. Wani mutum ne a cikin waya yake gudu tsakanin tarin albasa, can sai wata doguwar inuwa ta ɓullo ta ce, "Meeee!"

Iklima ta yi dariya har ta dafa tebur.

"Malam, wanga mi ne ne? Dodo ne ko bunsuru?"

Waliyyu ya ɗago zai yi faɗa, ya ga ido, ya ga wushirya, faɗan ya koma ciki.

"Gem ne nike haɗawa, wasan waya," in ji shi. "Na Mai Rumbu. Kin san labarin?"

Wa bai san shi ba? A lokacin labarin ya cika wayoyin mutane. Wai akwai wani tsohon rumbun albasa a bayan Aliero, wanda ya shiga shi kaɗai ba zai ga ƙofar fita ba, tarin albasa sai ƙara tsawo yake, Mai Rumbu kuma yana bin sa a baya. Ba wanda ya taɓa ganin rumbun. Kowa ka tambaya, abokin ƙanen maƙwabcinsa ne ya shiga. Ƙarya ce tsagwaronta, amma an ce kunne ya girmi kaka, ya kuma fi ta kwaɗayi.

"Komi ya yi daidai, sai murya," in ji Waliyyu. "Na gwada jaki, na gwada injin niƙa. Kowa na ba shi, dariya shike yi."

"Kai ba ka san abin tsoro ba," in ji Iklima. "Gyara mini wayata, ni zan turo maka."

Ya gyara, ya ƙi karɓar ko sisi, ya karɓi lamba.

Washegari saƙon murya ya shigo. Waliyyu ya sa a kunne. Shiru, sai wani sauti ya taso daga ƙasan maƙogwaro, kamar ana jan turmi a kan daɓe, ya hau sama a hankali, ya yanke da "Hhhm!" Tsikar jikinsa ta tashi, sukundireba ta faɗi daga hannunsa.

Ya rubuta mata: "Don Allah ina kika samo wagga masifa?"

Ta amsa: "Mai son zuma ba ya tambayar sunan ƙudan. Ka sa kawai, Dodona."

Ya rubuta: "To, Albasata. Ke kaɗai ke sa ni hawaye ina kuma ƙara yanka."

Ya sa muryar a cikin gem. Gem ɗin ya tashi kamar wutar kara. Ba kamfani, ba talla, daga waya zuwa waya kawai, daga Jega zuwa Aliero, daga Aliero zuwa Maiyama. Ƙa'idarsa ɗaya ce: da ka ji muryar nan, ka zubar da abin da ke hannunka ka gudu, in ba haka ba Mai Rumbu ya kama ka. Waliyyu kuwa, wurin gwaji, ya fi kowa jin ta, ya fi kowa gudu.

Soyayya ita ma ba ta tsaya ba. Iklima 'yar Liba ce, amma tana zaune a Maiyama wurin Goggo, ƙanwar mahaifinta, tana koyon ɗinki. Can Waliyyu yake zuwa zance da la'asar, da ledar tsire a wuyan babur. Goggo ta gan shi, ta auna shi, ta ce yaron yana da kunya, illa dai yawan taɓa waya.

Magana ta kai Liba. Malam Maiwada, mahaifin Iklima, manomin albasa da gero, mutum ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba sai wurin cin nama. Ya ce a turo masa yaron ya gan shi.

Waliyyu ya ci ado, ya sa hula, ya je. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo masa fura a kwano. Malam yana gona. Sadiƙ ne ya zauna da baƙo, ɗan wan Malam, wanda ya daɗe yana ganin Iklima tasa ce tun da tuwona maina ne. Ya zauna yana kallon Waliyyu kamar an kawo masa magani mai ɗaci.

Can Malam ya dawo, da fartanya a kafaɗa. Ya amsa gaisuwa a gajarce, ya ce bari ya wanke ƙafa. Ya nufi ƙofar ciki. To, al'adar dattawa ce, namiji ba ya faɗa wa mata haka kawai, sai ya yi gyaran murya su kintsa. Malam ya tsaya bakin ƙofa, ya ja numfashi, ya saki tasa.

Wanzami ba ya son jarfa.

Waliyyu bai san lokacin da ya yi jifa da kwanon fura ba. Ya ce, "Mai Rumbu!" Ya tsallake Sadiƙ, ya yi waje ba takalmi, sai da ya kai gindin darbejiyar ƙofar gida hankalinsa ya dawo. Ya waiwaya. Ga surukin da yake nema tsaye, fura na ɗiga daga gemunsa.

"Wanga yaro," in ji Malam, "iska gare shi?"

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sadiƙ ya zaro wayarsa, don shi ma a ɓoye yana buga gem ɗin, ya kuma daɗe da gane muryar, yana jiran rana.

"Baba, ba iska ba ne. Duba ka gani. Kai anka mai da dodo. Yara har Jega da muryarka suke wasa."

Malam ya kalla, ya saurara. Ya sa aka maimaita. Fuskarsa ta yi kamar hadarin gabas.

"Ku ba shi takalmansa," in ji shi. "Wanda yam mai da ni dodo, ba ni mai da shi suruki."

Waliyyu ya hau babur, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗayan a hannu. Bai kai Maiyama ba ya tsaya ya rubuta:

"Iklima, kin kashe ni. Mi ya hana ki gaya mini muryar Baba ce?"

Ta amsa: "Kai ka ce kana son abin tsoro. Wallahi duk duniya ban san wanda ya fi shi ba. Tun ina ƙarama in na ji shi nake ɓoye tuwo. Ban zaci abin zai bar teburinka ba."

Can ta ƙara: "Ka yi fushi, Dodona?"

Ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zama.

Ya rubuta: "Na yi, amma ya huce. Albasa ce ke, dole a yi hawaye."

Ta rubuta: "Zan je in faɗa mai ni ce."

Ya amsa: "Kada ki soma. Ni baƙo ne, in ya tsane ni ya tsani baƙo. Ke ɗiyarsa ce, abin zai fi yi mai ciwo. Ki bar ni da kayana."

Kwanaki suka yi ta tafiya, abu ya ƙi kwanciya. Sadiƙ, da bakinsa ba ya riƙe ko gishiri, ya baza labari. Malam Maiwada ya je kasuwar albasa a Aliero, ya ɗan yi tari wurin ciniki, 'yan dako suka yar da buhuna suka watse, sannan suka dawo suna dariya. Dattijo ya koma gida bai sayar ba. Iklima kuwa ta rame, ta ɗinka wa wata mata riga da hannu ɗaya dogo ɗaya gajere.

Goggo ta ga abin ya isa. Ta yafa mayafi, ta tasa Iklima gaba sai Liba.

"Yaya," in ji ta, "ko ɓarawo anka kama ana tambayarsa kafin duka. Ka kira yaron nan ka ji ta bakinsa. In ka ƙi, ga ɗiyarka nan, ka riƙa biyan mutane atamfofinsu."

Malam ya aika a kira Waliyyu.

Waliyyu ya sake zuwa zauren nan. Wannan karon ba a kawo fura ba. Malam yana kan buzu, Sadiƙ a gefe yana murmushi, Goggo da Iklima suna bayan ƙyaure.

"Tambaya guda zan yi maka," in ji Malam. "Wa yaɗ ɗauki muryata?"

Waliyyu ya sunkuyar da kai. "Baba, ni na sa ta cikin gem. Laifin nawa ne."

"Ban tambaye ka wa yas sa ba. Wa yaɗ ɗauka?"

"Baba, duk hukuncin da za a yi, a yi mini."

"Kurma ne kai?"

"A'a, Baba."

"To?"

Waliyyu ya ƙara sunkuyar da kai. Gumi ya jiƙa masa hula. Ƙyaure ya motsa, Iklima ta faɗo a guje ta durƙusa.

"Baba, ni ce! Bai ma san muryarka ba ce, sai ranar da..."

"Rufe mini baki," in ji Malam. "Na sani."

Kowa ya ɗago.

"Gyaran muryata biyu ce. Akwai ta waje, ta kasuwa da masallaci. Akwai ta shiga gida. Wagga da ke cikin waya ta shiga gida ce, kuma daga ciki anka ɗauke ta, har da ƙarar ƙyauren ga. Yaron da bai taɓa taka Liba ba, ta ina zai same ta? Tun ranar farko na san ɓeran gida ne."

Ya kalli Iklima. "Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ke da ni za mu gamu."

Ya juya ga Sadiƙ. "Kai kuma, ka san muryata ce tun da daɗewa, kana bugawa kana jin daɗi, ba ka faɗa ba sai ranar da kag ga riba. Sannan ka kai ni kasuwa a baki. Tashi ka ba awaki ruwa."

Sadiƙ ya tashi, murmushin ya bar shi a zaure.

Malam ya juya ga Waliyyu.

"Na tambaye ka har na gaji, ka ƙi ba ni sunanta, ka kuma ƙi yi mini ƙarya. Wanda yar rufa wa ɗiyata asiri tun ba ta zama tasa ba, ba ya tona ta in ta shiga ɗakinsa. Ka turo magabatanka. Amma ka cire ni daga cikin albasar can."

"Na riga na cire, Baba. Na sa wata."

"Mu ji."

Waliyyu ya kunna. Inuwa ta ɓullo, aka ji wani ɗan tari siriri kamar na kyanwa mai mura.

"Wa ke nan?"

"Ni ne, Baba."

"Da wanga za ka tsorata mutane? Ko kaza ba ta tashi." Malam ya yi tsaki. "Yanzu sai a ce Maiwada ne ya tsufa, murya ta mutu. Kawo wayar nan kusa. In za a yi abu, a yi shi da kyau."

Ya gyara zama, ya cika ƙirji, ya saki wata wadda ta fi ta farko. Awakin da Sadiƙ ke ba ruwa suka tsinke igiya. Goggo ta yi salati a bayan ƙyaure. Waliyyu ya ƙanƙame tabarma da hannu biyu, bai gudu ba, ita ce jarrabawarsa ta ƙarshe.

Bayan an kwashe albasa aka ɗaura aure a Liba. Abokan ango suka cika ƙofar gida, 'yan Jega da 'yan Aliero, kowa da waya a hannu. Liman ya shafa fatiha, Malam Maiwada ya miƙe zai yi wa ango nasiha, ya yi gyaran murya.

Sahun gaba ya dare. Wani ya bar hula, wani ya taka farantin goro.

A ranar ne mutanen Liba suka ga haƙoran Malam ba nama a gabansa.

Ana cikin haka wayar ango ta yi motsi a aljihu: "Na ji daga ɗaki. Ka gudu, Dodona?"

Ya rubuta: "Ina nan daram, Albasata. Na shiga rumbun, kuma ba ni neman ƙofar fita."

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya kawo zuriya mai jin gyaran muryar manya ta kintsa, ba sai an sa ta a waya ba. Amin.